Ragowar wata, jarin watan gaba: jawabi a taron cikar shekarar ƙungiya



An ce in yi magana kan lissafinmu da ya koma kwamfuta. To, ni 'yar kasuwa ce, boko da girmana na same shi a ajin yaƙi da jahilci, don haka da harshen kasuwa zan yi bayani.

Duk mai riƙe littafi, a Kasuwar Rimi take ko a Kurmi, ta san doka ɗaya: abin da ya rage a ƙarshen shafi, shi ake ɗorawa a saman shafi na gaba. Haka yake a manhajar Excel, kowane wata da shafinsa. Amma akwai tarko. Idan aka gaya wa shafin Fabrairu ya ɗauko ragowa daga Janairu, sannan aka kwafi Fabrairun aka mai da shi Maris, to Maris ma daga Janairu zai ɗauko. Kwamfuta ba ta san "watan jiya" ba, sunan da aka ba ta kawai ta riƙe.

A ce Janairu ya rufe da naira 200,000, Fabrairu ya rufe da 260,000. Sai Maris ya buɗe da 200,000. Kun ga dubu 60 sun yi ɓatan dabo a rubuce, alhali suna nan a asusu. Wa za a kalla? Ma'aji mana! Daga nan sai ƙus-ƙus a gidan biki, sai wata ta daina zubi, sai zumuncin shekaru ya lalace. Zato kuwa zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wanda ba gaskiya ba.

Ga maganin. A sa wa shafukan suna da lamba, 1 zuwa 12, a jere. Ragowar ƙarshen wata a ajiye ta a gida ɗaya a saman kowane shafi, a ce F2. Kada a sa ta a ƙasa, domin in sabuwar mamba ta shigo aka ƙara layi, gidan zai gusa. A shafi na 1 a rubuta kuɗin buɗewa da hannu. A shafi na 2, a gidan buɗewa, a rubuta wannan:

=INDIRECT("'"&SHEET()-1&"'!F2")

Ma'anarsa: duba ni na nawa ne a layi, ka cire ɗaya, ka ɗauko ragowar wanda ke bayana. Daga nan duk shafin da aka kwafa aka sa masa lambarsa, da kansa zai waiwayi na bayansa. Yana aiki a Excel na 2013 zuwa sama. Sharaɗi: kada a sauya jerin shafukan, kada a cusa wani a tsakani ko a gabansu. 'Ya'yanmu da ke taya sakatariya, ku kwafe shi daidai, ko ɗigo kada ya faɗi.

Roƙona na ƙarshe: kada mu jefar da littafin takarda. A kowane zaman wata, ma'aji ta karanto ragowar watan jiya daga littafi, sakatariya ta karanto ta kwamfuta, kowa na ji. In sun zo ɗaya, sai a fara zubi.

Allah ya ƙara mana haɗin kai, ya sa albarka a sana'o'inmu.