Gidan Jama'a A Magajiya: A Gina Wanda Ba Za A Kulle Ba

Jawabi ga mutanen Suleja da sauran 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun

 

An nemi in yi magana a kan irin ginin da ya kamata 'yan unguwa su yi idan sun tara kuɗi domin kafa gidan jama'a a gida, kuma zan kafa misalina da unguwar Magajiya ta Suleja. Kuɗin nan kuwa na san inda ya fito. Daga sayar da shanu a Agege ya fito, da ɗaurin goro a Shagamu, da gadin dare, da turin baro. Saboda haka bai kamata a zuba shi a ginin da za a buɗe da kiɗa da algaita, sa'an nan a garƙame shi da kwaɗo sai ranar biki ba.

Kowa ya san garinmu shi ne Abuja na asali, kafin a ba sabon babban birnin ƙasa sunan bayan dokar 1976, mu kuma mu koma Suleja, da sunan Sarki Sulaimanu Barau. Tun daga lokacin, musamman bayan da gwamnati ta tare a 1991, ma'aikata da leburori waɗanda haya ta kora daga birnin suka kwararo mana. Fili ya yi tsada, unguwanni sun cushe. Unguwa kamar Magajiya ba ta da halin ware fili ɗaya domin makaranta, wani domin taro, wani domin koyon sana'a. Tilas gini ɗaya ya ɗauki ayyukan duka: da safe awon jarirai da ajin yaƙi da jahilci, da rana ɗinki da saƙa, da la'asar karatun yara, da dare sulhu ko taron 'yan unguwa.

Wannan ba mafarki ba ne, an yi shi a ƙasar Hausa. A ƙauyen Dandaji na jihar Tawa, cikin Jamhuriyar Nijar, akwai wani tsohon masallacin ƙasa, aikin Alhaji Falke Barmu, watau maginin nan da masallacinsa na Yama ya ci lambar Aga Khan a 1986. Da masallacin ya tsufa ya kuma yi wa jama'a kaɗan, sai masu zanen gini biyu mata, Mariam Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka ba da shawara kada a rushe shi. Aka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci mai cin mutum 1,000 a gefensa, da azuzuwa, da fili mai itatuwa a tsakani, aka kuma haƙa ma'ajiyar ruwan sama a ƙarƙashin ƙasa domin ban ruwa. An gama a 2018, ana kiran wurin Hikma. Abin lura shi ne, mutum yana zuwa salla sau biyar a rana, don haka sau biyar yake wucewa ta ƙofar littattafai. Wurin ba ya rabo da ƙafa.

Bulon da aka yi aikin da shi na jar ƙasar wurin ne. Akan kwaɓa ta da ɗan siminti kaɗan, a matse ta cikin inji, a shanya, ba a ƙona ta. Katanga mai kauri irin wannan takan sha zafin rana a hankali, ba ta sake shi sai dare ya yi, shi ya sa zauren kakanka ya fi ɗakin kwanon da kake haya sanyi da tsakar rana. Idan aka ɗaga rufi, aka buɗe ƙananan tagogi can sama, iska mai zafi za ta fita da kanta. Ku da kuke ganin benayen gilashi a Ikko, ku tambayi masu su abin da injin wuta yake ci a wata. Wa zai saya wa Magajiya man?

Amma kada mu kwaso zanen Dandaji mu dasa kamar yadda yake. Tawa bakin hamada ce, Suleja kuwa ƙasar ruwa ce da tuddai, kuma duk wanda ya ga Iku ta cika ya sani. Namu ginin sai an ɗora shi a kan harsashen dutse ya haura ƙasa sosai, a sa masa rufi mai faɗin baki domin kada feshin ruwa ya ci katanga, a kuma haƙa magudana tun kafin a aza bulo na farko. Ruwan indararo ya tafi tanki, ya wadatar da alwala da makewayi. Makewayin mata kuma a ware shi da ƙofarsa, in ba haka ba iyayenmu mata ba za su zo ba, rabin amfanin gidan ya tafi ke nan.

Wani zai ce ginin ƙasa na talaka ne. Ni kuwa sai in ce ya ciro naira 20 daga aljihunsa ya duba bayanta. Ladi Kwali ce a jiki, wadda ta shiga makarantar tukwane ta garinmu a 1954, makarantar da Bature Michael Cardew ya kafa a nan bayan ya zaga Arewa yana gwada yumɓu. Ƙasa ta kai ta Ingila da Amurka. Masallacin Juma'a na Zariya kuma, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa da azara, masana sun sha zuwa su ɗaga kai su dubi bakan gizonsa.

Saura batun riƙo. Kafin ku sa hannu a kan kowane zane, ku nemi a fitar da shaguna uku ko huɗu ta bakin hanya, hayarsu ta tafi asusun gyara da albashin mai gadi. A ɗauki magina da samarin unguwa aikin, domin wanda ya aza bulo shi zai san inda zai toshe idan ya tsage. Mabuɗi kuma kada ya zauna a aljihun mutum ɗaya, balle wanda yake Ikko. A yi guda uku: ɗaya wurin mai unguwa, ɗaya wurin liman, ɗaya wurin shugabar mata.