Koyar da Insha'i a Ƙananan Sakandare na Ƙasar Daura



An nemi in yi magana kan koya wa yaran ƙaramar sakandare rubutu. Zan fara da abin da kowane malami a nan ya sani. Ka shiga aji biyu a Daura, ko Sandamu, ko Baure, ka karɓi littafin yaro. Za ka tarar ya cika fal, rubutu a miƙe, kan magana an ja masa layi. Amma duk daga allo ya kwafo. Ka ce ya rubuta maka abin da ya gani a hawan Sallar Gani, sai ya tsaya yana cizon biro. Alhali yaron nan ya ga dawakai, ya ji kakaki, in da baki ka tambaye shi zai ba ka labari har ka gaji. Abin da ba mu koya masa ba shi ne ya ɗauko maganar bakinsa ya zaunar da ita a takarda.

A 1933, da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya sa gasar ƙagaggun labarai, Abubakar Imam malami ne a Makarantar Midil ta Katsina, yana da shekara 22. Daga wannan gasa littafinsa Ruwan Bagaja ya fito. Malamin aji ne da ke rubutu da hannunsa, da Hausar da mutane ke yi. Ina roƙon malamai su riƙe wannan, domin wanda bai taɓa rubuta shafi guda na kansa ba da wuya ya koyar da insha'i.

Saboda haka mu fara daga abin da yaro ya gani da idonsa. Ɗan Mai'aduwa ya rubuta yadda dillali ke daidaita cinikin shanu a kara. Yarinyar cikin garin Daura ta bayyana rijiyar Kusugu ga baƙon da bai taɓa zuwa ba, ko ta rubuta wa yayarta da ke aure a Kano wasiƙa. Su fara da Hausa. Wanda ya iya jera tunaninsa cikin harshen gida, sakin layi bayan sakin layi, zai iya kai wannan tsari cikin Turanci.

Sai maganar jan biro, kuma ita ta fi damuna. Yaro ya yi ƙoƙari ya cika shafi, malam ya mayar masa da shi jajawur, ba kalmar yabo ko ɗaya. Gobe layi uku zai rubuta don ya tsira. Ku zaɓi kuskure ɗaya a mako: yau ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ, mako mai zuwa raba kalmomi, sannan aya da waƙafi. Na san ajujuwa sun cika, malami ɗaya ba zai duba komai ba. To, ku sa yara su karanta wa juna da ƙarfi, kunne kan kama abin da ido ya tsallake.

A ƙarshen aji uku jarrabawar BECE na jiransu, kuma za a ce su rubuta. Shugabannin makarantu, ku ware darasi guda kowane mako wanda ba a kwafar komai daga allo. Iyaye kuma, in yaro ya dawo gida ku ce ya karanta muku abin da ya rubuta.