Kwana sittin tsakanin girbi da shuka
(Jawabin da aka yi a taron ƙungiya)



Maganarmu ta yau daga nesa ta fito, daga Panjab, can arewacin Indiya. Tun wajen 1970 manoman wurin abu biyu suke bi da bi: alkama da ɗari, shinkafa da damana. Rumbuna sun cika, amma ƙasa ta gaji, ruwan rijiyoyi kuma sai ƙara nisa yake.

To, suna yanke alkama cikin Afirilu, ba su dasa shinkafa sai cikin Yuni. Kwana sittin zuwa saba'in gona tana zaune banza. Cikin wannan tsakanin ne suke shuka wani ɗan wake tsanwa, ƙanana, da suke ce ma mung. Irin da jami'ar noma ta Ludhiyana ta fitar yana nuna cikin wata biyu. Su tsinke, su ci, su sayar, ganye da kara kuwa su juya su cikin ƙasa. A 2022 har gwamnatin jihar ta sa mishi farashi tana saye.

Ina amfanin ƙasa a nan? Ku tumɓuke wakenmu na gida, ku duba saiwa. Waɗannan ƴan ƙulle-ƙullen ba ciwo ba ne. Ƙwayoyin halitta ne a ciki, masu jawo azot daga iska, shi ne abin nan da muke saye da tsada cikin buhun ure. Yaran lakwal sun gani da idonsu, mun tsaga musu ɗaya, cikinsa ja-ja. Kakanninmu ba su san sunan azot ba, amma sun san hatsin da ya bi sawun wake ya fi kyau.

Mu ma muna da irin wannan tsakanin. Tun yunwar 1984 da aka kama noman rani da gaske, masu garka suna cire albasa cikin Maris ko Afirilu, fage ya zauna har ruwa ya sauka. Sai dai mu faɗi gaskiya: lokacin ne zafi ke wuce digiri 40, furen wake yana zuba, rijiya tana ƙasa, awaki kuma suna sake. Mutanen Panjab da injin suke ban ruwa. Wanda ke ja da wasaki, lissafinsa dabam ne.

Don haka ba mu ce kowa ya bar abin da ya sani ba. Shawararmu, a garkar ƙungiya, a ware fage huɗu kusa da rijiya: biyu mung in an samu iri, biyu waken gaggawa irin na INRAN. Ko ƙwaya ba ta yi yawa ba, harawa kuɗi ce a ƙarshen rani. Da damana a shuka masara bisansu da bisa fagen da aka bari, dattawa su zo su gwada da ido.

Ku na birni, abin da muke roƙo gare ku kuɗin iri ne da na gyaran darni. Ma'aji yana nan da littafinsa bayan sallar la'asar.