Gida Ɗaya, Magidanta Biyu: Raba Faifan Kwamfuta Tsakanin Windows da Linux



Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, ga shi kuma tsofaffin kwamfutoci da dama ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Masu su sun fara leƙen Linux, amma ba sa son sallamar Windows. Mafitarsu ita ce raba faifan ajiya, kowace babbar manhaja ta samu sashenta.

Rabon kamar na gidan gado ne: ba a tsaga faifan, iyakoki kawai ake shatawa a rubuta cikin ɗan jadawali. Tsohon tsarin MBR, wanda ya fito a 1983, yana ajiye jadawalin nan a bayit 512 na farkon faifai. Manyan sassa huɗu kacal yake ɗauka, kuma ba ya ganin abin da ya haura terabayit 2. Sabon tsarin GPT kuwa yana ɗaukar sassa 128, har ya ɓoye kwafin jadawalin a ƙarshen faifai saboda tsaro.

Mai aikin zai buɗe Disk Management a cikin Windows ya matse sashenta, ya bar fili kamar gigabayit 50 babu komai. Daga nan ya tayar da kwamfutar da filashin da ke ɗauke da Ubuntu, wani nau'in Linux, ya nuna masa filin, a shimfiɗa tsarin ext4. Akwai wani ɗan sashe mai suna EFI, galibi megabayit 100 ne zuwa 'yan ɗaruruwa. Shi ne zauren gidan, kowa ta nan yake shiga, don haka ba a goge shi. A nan manhajar GRUB ke zama, tana tambaya duk lokacin da aka kunna: Windows ko Linux?

Ganganci a nan yana da tsada. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux a Helsinki a 1991, da bakinsa ya faɗi yadda ya tashi kiran kwamfutar jami'a ta layin waya, sai ya yi kuskure ya aika umarnin ga faifansa, sashen Minix, babbar manhajar da yake aiki da ita, ya lalace. Saboda haka a fara kwashe muhimman takardu zuwa wani faifan, a cika batir kada a ɗauke wuta ana tsakiyar matsewa. A rubuta lambobi 48 na mabuɗin BitLocker, makullin faifan Windows, a takarda, sannan a kashe Fast Startup, domin yana barin sashen Windows a kulle.

Saura rigimar agogo. Windows na ɗaukar agogon cikin na'ura a matsayin lokacin gari, Linux kuma na ɗaukarsa lokacin UTC. Najeriya da Nijar suna gaba da UTC da awa 1, don haka wanda ya fito daga Ubuntu ya koma Windows da ƙarfe 2 na rana zai tarar agogo na nuna ƙarfe 1. Umarni guda na timedatectl a Linux ke sasanta su.