Jawabin da aka yi a Maraɗi ranar sadakar arba'in ta Baba Kafaran

Waɗanda suka taso daga Tsibiri, da Madarumfa, da waɗanda suka ƙetaro iyaka daga Jibiya da Katsina, Allah ya ba da ladan zumunci.

Yau kwana arba'in da rasuwar tsohon da muke kira Baba Kafaran. Yara da yawa a unguwar nan sun ɗauka sunansa ke nan, ba su san muƙamin soja ba ne. Shi kuwa bai taɓa gyara musu ba.

Yana saurayi aka ɗauke shi soja zamanin Faransa. Aka sa su jirgin ruwa sai Indoshin, ya zauna can har yaƙin ya ƙare a 1954, daga baya aka tura su Aljeriya. Ba ya son labarin harbi. In yaro ya matsa masa, sai ya aike shi ɗibar ruwa. Abu guda ne ya sha faɗa mana: wani abokinsa Bahaushe ya rasu a can, aka duba takarda, sai sunansa da lamba kawai, sunan garinsu ma magatakarda ya rubuta shi a karkace. Ba wanda ya san inda za a kai ta'aziyya. Baba ya ce ranar ce ya ɗauki alkawari, in Allah ya maido shi gida, ba ɗan gidansu da zai ƙara ɓata haka.

To, jama'a, ya cika alkawari. Ya dawo da boko kaɗan da ya koya a bariki, da ajamin da ya samu a makarantar allo. Ya sayi kaye irin na 'yan lakwal, ya riƙa bin tsofaffi gida gida. Ya fi zama wurin tsofaffi mata, don ya ce maza sunan uba kaɗai suke riƙewa, mata ne suka san wa ya auri wa, wa ya shayar da wa, wace ce ta fita ta sake aure a wane gari. Muna yara muna yi masa dariya, namiji da goro a aljihu yana zaune bakin murhu yana rubutu. Yau mu ne masu kunya.

Ku tuna irin garin da muke. Kakanninmu sun baro Katsina bayan ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, suka kafu nan tare da Ɗan Kasawa, shi ya sa har yanzu sarkinmu Sarkin Katsina ake ce masa. Turawa suka zo suka ja iyaka tsakanin wa da ƙane, wannan na Faransa, wancan na Ingila. A 1945 gulbi ya ci tsohon gari, aka tashi aka hau tudu, maƙwabta suka rabu, unguwanni suka cakuɗe. Fari na 1973 da na 1984 ya sake watsa mutane. Kowane ɗaya cikin waɗannan ya tsinke zaren dangi, Baba kuwa ƙullawa yake yi. Ya rubuta gidan da kowa yake a tsohon gari kafin ruwa, da maƙwabcinsa na gabas da na yamma. Ya rubuta tsagen fuskar kowane gida, don ya ga an daina yi wa yara.

Kada wani ya ce wannan aikin mai neman sarauta ne. A kayensa akwai mahauta da maƙera da marina, kowa da shafinsa. Akwai abin da ya sani na asalin wasu gidaje wanda bai taɓa furtawa a bainar jama'a ba, kuma muna shaida ba a taɓa jin ya yi wa wani gori ba. Sau nawa rigimar gona ta mutu a zaurensa ba ta kai gaban alƙali ba? Akwai auren da ya tsayar ana saura kwana kaɗan, don yaron da yarinyar nono guda suka sha. An yi fushi da shi shekara guda. Bai damu ba.

Batun fanshonsa kuwa, kowa ya san zaluncin da aka yi. Dokar Faransa ta 1959 ta daskarar da kuɗin tsofaffin sojojin ƙasashenmu, Bafaranshen da suka kwana rami guda da shi yana karɓar ninkin-ba-ninkin. Sai a 2007 aka fara daidaitawa, aka kammala a 2011, bayan yawancin abokansa sun riga mu gidan gaskiya. Cikin ɗan abin nan yake sayen likkafani ya ajiye don baƙon da ya rasu ba dangi. Shi ke rubuta wa matan abokansa takarda, ya raka su biro, ya tsaya ƙyam kamar yana fareti har a saurare su. Ranar gayyar yashe rijiya ko gyaran maƙabarta, shi ke fara isa da hauyarsa.

Yanzu ga abin da ya sa muka tsayar da ku. Kayen nan suna cikin adakarsa ta ƙarfe. Mun buɗe jiya tare da iyalinsa, mun tarar gara ta fara cin na ƙasa, tawadar wasu ta dushe. Ajamin Baba ba kowa ke iya karanta shi ba, waɗanda suka saba da hannunsa sun tsufa. Iyalinsa sun yarda a kwafe, amma adaka ba za ta bar gidan ba, kuma shafin kowane gida mutanen gidan kaɗai za a nuna wa.

Muna son kowane gida ya ba da yaro guda mai kyan rubutu, namiji ko mace, da dattijuwa guda da za ta zauna kusa da shi tana gyara masa. Masu wayar hannu su ɗauki hoton kowane shafi kafin a taɓa shi. 'Yan'uwanmu na Katsina da Jibiya, kun ga yadda aka rufe iyaka a 2019 da 2023, saboda haka kada ku koma sai da kwafin naku a hannu. Za a fara ranar Asabar bayan sallar la'asar, a zaurensa, a tabarmar da ya saba zama.

Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya ba iyalinsa haƙuri. Malam, a yi mana fatiha.