Wakili da Muradin Talakawa a Sha'anin Lafiya



Mas'alar da aka ɗora mini ita ce, shin wajibi ne ga wanda jama'a suka zaɓa ya bi abin da suke so game da kiwon lafiya da kashe dukiyar baitulmali, ko kuwa yana da ikon saɓa musu idan ya hango maslaha a wani wuri dabam. Fukaha'unmu sun daɗe da tabbatar da cewa duk tasarrufin da shugaba zai yi a kan talakawansa a ɗaure yake da maslaharsu, sai dai wuyar aikin ita ce sanin wanda zai fayyace maslahar, kuma Kano ta ba mu misalin da ya ishe mu nazari.

A shekarar 2003, sa'ad da jita-jita ta game gari cewa an gauraya rigakafin shan inna da maganin hana haihuwa, gwamnatin Kano ta dakatar da aikin, ba ta dawo da shi ba sai a watan Yuli na 2004, bayan an samo wani maganin daga Indonesiya. Tsoron mutane yana da asali, domin ba su manta da abin da ya faru a 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a wannan birni, al'amarin da ya kai ga shari'a da biyan diyya. Amma ko da yake dakatarwar ta dace da zuciyar mutane da yawa, cutar ba ta jira a gama bincike ba. Ta bazu cikin ƙasashen maƙwabta, ta ƙetara Sudan da Yaman har Indonesiya, kuma yaran da ƙafafunsu suka shanye a wannan tsakani, waɗanda ba su jefa wa kowa ƙuri'a ba, su ne suka ɗauki nauyin hukuncin.

To, a wancan lokaci akwai wata tambaya da iyaye mata ke yi daga bayan ƙyaure idan masu ɗiga magani suka yi sallama, wadda ni a ganina ita ce haƙiƙanin muradin jama'a: don me ake bin mu gida-gida da maganin shan inna kyauta, alhali in yaro ya kwana da zazzaɓi ko ƙyanda, aka goya shi zuwa asibitin sha-ka-tafi, sai a miƙo 'yar takarda a ce a je kemis a sayo? Wannan koke ba shi buƙatar ɗakin gwaji kafin a gaskata shi, kuma shi ne aka fi yi wa kunnen uwar shegu. A watan Afrilu na 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka ɗauki alkawarin ware aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafinsu domin lafiya, amma kasafin Gwamnatin Tarayya bai taɓa kusantar wannan adadi ba, kuma har yau fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan magani a Nijeriya daga aljihun majiyyaci da danginsa yake fita. Ke nan an bi jama'a a inda binsu bai ci ko kwabo ba, aka saɓa musu a inda biyayyar ke neman kuɗi.

Ra'ayina shi ne a rarrabe tsakanin abubuwa biyu. Abin da ya shafi manufa, wato wace buƙata za a gabatar, ina za a sa ungozoma, nawa za a ware, wannan haƙƙin masu dukiya ne, kuma wakili amini ne kawai a kansa. Abin da ya shafi ilimi kuwa, yawan hannuwa ba ya yanke shi. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, da ya ji labarin annoba a Sham yana kan hanya, ya shawarci Muhajirai da Ansar suka saɓa, ya shawarci dattawan Ƙuraishawa, sa'an nan ya yanke komawa, kuma ruwayar Abdurrahman ɗan Aufu ta zo ta ƙarfafa shi. Ya saurari kowa, ya bayyana hujjarsa a fili ga wanda ya yi masa inkari, ya kuma ɗauki alhakin hukuncin.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, amma sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. Ina roƙon kowane mai ƙuri'a a wannan zaure, idan wakilinsa ya zo gida, ya tambaye shi nawa ne daga wannan kuɗi ya iso asibitin mazaɓarsu, wane wata ya iso, kuma me aka saya da shi.