Amana da Lissafi: Abin da Muka Koyo a Kwas ɗin Manhajojin Ofis

Jawabin da aka karanta a babban taron reshe, a madadin malaman da suka kammala kwas

 



Mu ne waɗanda reshe ya biya wa rabin kuɗin karatu, ya tura mu kwaleji domin mu ƙware a manhajojin aikin ofis da na kasuwanci. Kuɗin nan daga albashinku aka tara su, saboda haka haƙƙinku ne ku ji abin da muka samo, da abin da muke ganin ya kamata a yi da shi.

Za mu fara da tuna muku abin da ya sa aka tura mu, ko da yake tunawar ba ta da daɗi. A bara, ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, ƙungiyarmu ta gama kai ta aika wa banki jerin sunaye domin a raba wa mambobi ajiyarsu. Wasu suka ga kuɗinsu, wasu kuwa shiru. Mutane suka yi Sallah babu abin layya. A wannan ɗakin da muke zaune aka faɗa wa ma'ajinmu maganganu masu zafi, dattijon da bai taɓa cin ko kwabon kowa ba. Daga baya an biya kowa, amma ba a taɓa tsayawa an bayyana wa jama'a ainihin abin da ya faru ba.

A makon farko na kwas muka gane shi. Lambar asusun banki a Najeriya tana da alƙaluma goma, wasu kuma da sifiri suke farawa. Idan aka rubuta irin wannan lamba a Excel ba tare da an shaida masa cewa rubutu ce ba, sai ya ɗauke ta a matsayin adadi na lissafi, ya jefar da sifirin farko, tun da a ilimin lissafi 0123 da 123 duk ɗaya ne. Lamba ta koma alƙaluma tara, banki ya ƙi karɓa. Maganin bai wuce aikin minti ɗaya ba: a mayar da layin ya zama na rubutu kafin a fara cika shi. Da malaminmu ya nuna wannan a allo, sai muka dubi juna, kowa ya sunkuyar da kai. Mutuncin dattijo ya kusa zubewa saboda sifiri ɗaya. Baba Ma'aji, da yawa daga cikinmu mun yi magana a ranar nan, wasu kuma mun yi shiru inda ya kamata mu kare ka. Muna neman gafararka a gaban jama'a, kamar yadda aka ɓata maka a gaban jama'a.

Kada wani ya zaci irin wannan kuskure na ƙananan ƙungiyoyi ne kaɗai. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, hukumar lafiya ta Ingila ta rasa bayanan mutane kusan 16,000 da gwaji ya nuna sun kamu da cutar, domin an zuba sakamakon a wani tsohon samfurin fayil na Excel wanda ba ya ɗaukar layi fiye da 65,536. Da fayil ya cika, sai ragowar sunayen suka zube ba wanda ya lura, aka yi kwanaki ba a nemi waɗanda suka yi cuɗanya da su ba. Darasin ɗaya ne a can da nan: iya taɓa kwamfuta daban, sanin halinta daban.

Wannan shi ne bambancin kwas ɗin da muka yi da koyon buga takarda da yawancinmu muka saba da shi. Kwalejojin kansu sun daɗe da gane haka. Tun a 2004 Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, mai hedikwata a Kaduna, ta sauya tsohon kwas ɗin aikin sakatare na zamanin tafireta zuwa fasahar ofis da gudanarwa. Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015. Jarrabawar cancanta ta hukumar rajistar malamai ita ma a kan kwamfuta ake yin ta. Ɗalibanmu da ƙannenmu masu shigowa aiki sun riga sun shiga wannan duniya, mu ne muke tsaye a bakin ƙofa.

Abin da ya fi ɗaukar mana lokaci shi ne Excel, kuma shi ya fi cancanta. Kowane malamin aji ya san wahalar ƙarshen zango: haɗa makin gwaji da na jarrabawa, fitar da jimla da matsakaici, sannan jera yara daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, da kalkuleta, da fitilar waya, har tsakar dare. Idan aka gano kuskure a makin yaro ɗaya, sai a sake jeri tun daga farko. Yanzu mun koyi rubuta fomula sau ɗaya ta yi aiki a kan ajin duka; an gyara maki ɗaya, jimla da matsayi su gyaru da kansu. Mun koyi kafa wa gurbi iyaka, yadda idan gwaji a kan maki 40 ne, hannu ya zame aka buga 400, manhajar za ta ƙi karɓa. Mun koyi kulle gurabun fomula domin kada wani ya goge su bisa kuskure. Yaron da ya zo na uku aka rubuta masa na goma sha uku ba ya da ƙungiyar da za ta bi masa haƙƙi; mu ne ƙungiyarsa.

Akwai kuma wani darasi da ya shafe mu musamman. Manhajar tana iya ɗauko bayanin mutum daga wani jadawali ta haɗa da wani, amma ba ta san cewa Muhammad da Muhammadu da Mamman na iya zama mutum ɗaya ba. A wurinta Ɗanladi mai ƙugiya da Danladi marar ƙugiya mutum biyu ne. A ƙungiya irin tamu, inda za a samu Aisha Muhammad uku, dogaro da suna kaɗai hanya ce ta cire bashin wata daga albashin wata. Saboda haka aka koya mana a ba kowa lamba tasa shi kaɗai, a riƙa nema da ita. A kan wannan ƙa'ida aka gina mana darasin Access, manhajar da ke adana bayanai masu yawa a haɗa su da juna. Har ila yau, a nan muka koyi sanya tsarin madannai na Hausa, wanda yake cikin Windows tun asali, domin mu daina rubuta sunayen mutane ba daidai ba.

A Word mun koyi rubuta wasiƙa ɗaya a haɗa ta da jerin sunaye, ta fito ɗari, kowacce da sunan mai ita da abin da ya ajiye da abin da ake bin sa. Da wannan kowane mamba zai iya samun takardar lissafinsa a kowane zango, ba sai ya bi ma'aji gida ba. A PowerPoint kuwa an hore mu da taƙaitawa, abin da ba ya zo wa malami da sauƙi.

'Yan uwa, sunan kwas ɗin yana ɗauke da kalmar kasuwanci, kuma ba mu ji kunyar wannan ba. Wane ne a cikinmu albashi kaɗai ke riƙe da gidansa? Wani yana noma, wata tana sayar da atamfa, wani matarsa na kiwon kaji. Dokar 2022 ta kai shekarun ritayar malamai zuwa 65, ko shekara 40 a bakin aiki, amma ko a inda aka fara aiki da ita, ranar ajiye alli tana nan tafe. Da yawa sun zuba garatutinsu a sana'a ya narke, ba don rashin ciniki ba, sai don rashin lissafi. Mutum ya sayi kaya 8,000 ya sayar 10,000, ya ce ya ci ribar 2,000. Bai cire kuɗin mota ba, bai cire abin da ya lalace ba, bai rubuta wanda ya karɓa bashi ba, bai lissafa abin da aka ɗiba don cefane ba. Da ɗaya daga cikinmu ta zuba lissafin kajinta na zagaye guda a jadawali, sai ta ga abincin kajin ya cinye abin da take kira riba. Ta yi baƙin ciki a ranar, amma gara baƙin cikin yau da na ranar da jari ya ƙare.

Ba za mu ɓoye muku wahalar ba. Wasunmu sun fara ne hannu na rawa a kan linzamin kwamfuta, a aji ɗaya da yaran da muka koyar. Wuta takan ɗauke ana tsakiyar aiki. Malamai mata sun sha fama da haɗa darasin yamma da hidimar gida, kuma muna gode wa mazajen da suka ba da goyon baya. Kwamfuta tana da tsada, lasisin manhaja ma haka, ko da yake akwai LibreOffice da ake samu kyauta, wadda take yin mafi yawan wannan aiki. Amma mun tabbatar da maganar magabata cewa gemu ba ya hana ilimi, domin wanda ya fi mu shekaru yana cikin waɗanda suka fi mu maki.

Haka kuma ba za mu ce kwamfuta tana mayar da maci amana mai gaskiya ba. Abin da aka zuba mata shi take juyawa, kuskure ɗaya a fomula kuma yakan yaɗu a kan mutum ɗari cikin ƙiftawar ido. Bayanan ɗalibai da lambobin asusun mambobi amana ce, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan. Bai dace a riƙa yawo da su a filash daga shago zuwa shago ba.

A kan haka muke gabatar wa reshe buƙatu huɗu. Na farko, a mayar da lissafin ƙungiyar gama kai kan jadawali, mutum biyu su duba kowane jeri kafin ya tafi banki, a ajiye kwafi a wuri biyu, kuma kada a jefar da littafin ma'aji, a riƙa gwada ɗaya da ɗaya. Na biyu, a ba kowane mamba takardar lissafinsa a ƙarshen kowane zango. Na uku, ƙungiyar ta sanya kwamfuta cikin kayan da take saya wa mambobi su biya a hankali, kamar yadda take yi da shinkafa da sukari lokacin azumi. Na huɗu, a zagaye na gaba a tura aƙalla malami ɗaya daga kowace makaranta, a ware wa mata gurabe, kuma a zaɓi kwas ɗin da ɗalibi zai zauna gaban kwamfuta da hannunsa. Takardar shaidar da hannu bai san aikinta ba, ado ce kawai a bango.

Mu kuma ga namu alkawarin: kowace Asabar da safe, har ƙarshen zango mai zuwa, za mu zauna a ofishin reshe mu koya wa duk wanda ya zo, kyauta. Wanda yake da kwamfuta ya zo da ita, wanda ba ya da ita ya zo da makin ajinsa a takarda, da shi za mu fara. Tun 1931 da aka kafa Ƙungiyar Malamai ta Najeriya, ƙarfinta bai taɓa wuce wannan ba: wanda ya sani ya kama hannun ɗan uwansa.

 Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, Ya sanya albarka a abin da muka koya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.